Yadda na shawo kan ƙwayar kamara da ta ƙi barin tumbi

Wallahi abin ya dame ni, wani dattijo mai ciwon suga ya haɗiye ƙwayar kamarar nan da muke duba ƙaramin hanji da ita, sai ta zauna a tumbi har batir ya mutu, awa 8 sun tafi a banza, bangon tumbi kawai muka gani, ga jininsa na ta raguwa. Dama ciwon suga kan sa tumbi jinkirin tura abin da ke cikinsa zuwa hanji.

Da muka sake ba shi wata ƙwayar, bayan awa 1 na duba allo, tana nan a tumbi. Na ce Baba kwanta ta gefen dama, shiru. Sai na zura endoskof, wato siririn bututu mai kamara da ake zurawa ta baki, na kamo ta da ƴar raga na kai ta farkon hanji. Ranar muka ga jijiyar da ke tsiyayar jinin, ja wur.