Yadda ake gane tallar bogi idan an sa tsohuwar mota da araha a intanet

Mai neman tsohuwar mota ta marmari, irin su Fijo 404, Marsandi ta ƙarshen shekarun 1970 ko Land Cruiser FJ40, ya san ɗokin da ke kama mutum idan ya ci karo da ita a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Facebook an sa mata kuɗin da bai fi na sabon babur ba. A nan Gusau na ga samari, har da magidanta masu son irin motar da mahaifinsu ya hau, sun tura kuɗi cikin wannan ɗokin. Duba mai da sauraron inji aikin bakanikenka ne, ba zan tsaya a kansu ba. Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne akwai motar, kuma wanda ke tallarta shi ne mai ita.

Fara da farashin. Nemi tallace-tallacen irinta, ka ga inda kuɗinta ya tsaya. In wannan ta faɗo rabi, to akwai dalili, banza ba ta kai zomo kasuwa. Dalilan gaskiya sanannu ne: inji ya buga, tsatsa ta cinye ƙasan motar, takardu sun ɓata, ko magada na son a raba gado a huta. Mai gaskiya yakan faɗi ɗaya daga ciki kafin ka gama tambaya. Shi kuwa ɗan damfara motarsa ba ta da aibi ko ɗaya, gaggawa ce kawai ta kama shi: gobe zai yi tafiya, an yi masa canjin wurin aiki, ko kuma gwanjon kwastam ne. Hukumar kwastam tana da shafinta na gwanjo, ba ta ciniki a WhatsApp, ba ta karɓar kuɗi a asusun wani mutum. 'Yan'uwanmu na Kebbi su kuma akan ce musu motar tana Gaya ta Nijar ko Kamba, kuɗin fito kawai ake jira. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sannan motar da ta shekara arba'in ta wuce shekarun da doka ta yarda a shigo da ita. Ni dai daga na ji kalmar boda nake rufe zancen.

Sai hotuna. Kada ka kalli motar, kalli abin da ke bayanta. Ciyawa shar, gidaje masu rufin jan bulo, ƙasa jiƙe a watan Janairu, alhali an ce motar tana Tudun Wada, wannan hoton daga Turai aka ɗauko shi. In sitiyari yana hannun dama, mai yiwuwa hoton Ingila ne, don tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ka ga motar nan a shafin wani dillali a Faransa ko Jamus. Kyauta ne, datar da zai ci ba ta kai ta kallon bidiyo ɗaya ba.

Sanin ita kanta motar yana tona asiri. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma 504 ɗin da ya harhaɗa su ne mai but, da wagon, da a-kori-kura. 504 mai ƙofa biyu ta ƙawa (coupé) ta 1969, wadda Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, ba a yi ta a Kaduna ba, don haka mai cewa tasa haɗin Kaduna ce bai san abin da yake sayarwa ba, ko ƙarya yake yi. Marsandi W123, wadda aka fara sayarwa a 1976, lambar shasinta tana ɗauke da 123, kuma lambobi ukun da ke biye su ke faɗin irinta: 123.033 ta 280E ce, 123.020 kuwa 200 ce, ko da an manna mata tambarin 280E a but. Haka takardu. A 1996 aka ƙirƙiro Zamfara, Kebbi a 1991. Takardar rajista ta 1980 da aka ce an yi a Gusau dole ta nuna Jihar Sakkwato.

In duk wannan ya wuce, nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce a nuna maka lambar shasi, a kunna fitila, a buɗe but. Mai cewa kyamararsa ta lalace ka yi masa sallama.

Yanzu ga inda masu ganin sun waye suke faɗawa. Akwai damfarar da motar gaskiya ce, tana nan, za ka taɓa ta da hannunka. Ɗan damfara ya kwafi tallar wani mai mota a Kaduna ko Kano, ya sake sa ta da rabin kuɗi da lambar wayarsa. Kai ya ce maka ba ya gari, yaronsa ko ƙaninsa zai nuna maka, amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, don bai san nawa za a sayar ba. Shi kuma mai motar an ce masa, “Alhaji, dillali ne ni, zan turo mai saye, kada ka faɗa masa farashi saboda la'adata.” Kun haɗu, kun gaisa, bakanike ya duba ya ce lafiya lau, kowa ya kame bakinsa don kara. Ka koma gefe ka tura kuɗi a asusun da aka ba ka a waya. Da ka miƙa hannu karɓar makulli, mai mota ya ce shi bai ga alat ba, wayar wancan kuma a kashe.

Maganinta tambaya ce, a yi ta gaban motar, da babbar murya: “Ranka ya daɗe, motar nan ta wane ce, kuma nawa ake sayar da ita?” Ka ajiye kunya ka yi ta, ko da an roƙe ka kada ka yi. Sannan sunaye uku su zama ɗaya: na takardar mota, na katin shaidar wanda ke tsaye gabanka, da wanda ya fito a waya lokacin tura kuɗi. In mota ta gado ce, a zo da magada ko wakilinsu da takarda. Kafin alƙalami kuwa, ko na naira dubu biyar ne wai don a riƙe maka, ban yarda da shi ba sai ido ya ga mota da mai ita. Wasu da waɗannan ƙananan kuɗin suke rayuwa, mota ɗaya su karɓa daga mutane da yawa.

Sauran a taƙaice. A haɗu da rana, cikin gari, wurin jama'a. Wanda ya ce ka biyo shi wani ƙauye da kuɗi a jaka, a halin da hanyoyinmu ke ciki, ka ƙyale shi da motarsa. Gwada lambar shasi ta jiki da ta takarda, ka duba ko an goge an sake bugawa. Bi jikin da maganaɗisu, inda bai kama ba fila ce aka cika. Ɗaga kafet ka ga ƙasa. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu. Kuma ka sa kuɗin motar ɗauko ta cikin lissafi tun farko, don motar da ta daɗe a ajiye, da tayoyinta da birkinta, ba ta hanyar Funtua zuwa Gusau ba ce.