Idan kamfanin samar da ma'aikata ya kore ka a Saudiyya ba bisa ƙa'ida ba

1. Kada ka sa hannu a kowace takarda, musamman wadda ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka. A nan ne ake cutar yawancin 'yan uwanmu. Za a miƙo maka ita da Larabci, a ce ta sallama ce kawai, alhali kuɗinka ka yafe. Nemi wanda ya iya karatun Larabci ya duba tukuna.

2. Tattara shaida: kwantiraginka da ke manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadago, iƙama (katin izinin zama), saƙon korar, da bayanin albashinka na banki. Fasfo kuma naka ne, doka ba ta yarda kamfani ya riƙe shi ba.

3. Lissafa abin da kake bi. Sashe na 77 na dokar ƙwadago ya ce, in kwantiragin bai ƙayyade diyya ba, a biya ka albashin ragowar watanninsa, kuma kada diyyar ta gaza albashin wata biyu. Ga kuma kuɗin ƙarshen aiki, rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru 5 na farko.

4. Kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago, ta intanet, ko ka kira 19911 don neman bayani. Za a nemi sulhu cikin kwana 21 na aiki. In ya gagara, sai kotun ƙwadago. Kada ka wuce wata 12 da barin aikin ba ka kai ƙara ba.

5. Masu aikin gida dokarsu daban ce. Sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko Jidda.