Wai sai ka sa kuɗɗi kake cin gem? Ga yadda za ka gane

Tambayar da yara sunka fi yi mani a shagon cajin waya na unguwarmu nan Gusau ita ce, "Yaya, wai in mutum bai sa kuɗɗi ba zai iya kai babban ranki?" Kusan kullum bayan isha'i sai wani ya jefo ta, musamman in an gama ragargazar shi a Free Fire ya ga wanda ya kashe shi sanye da kaya masu ƙyalli, bindigarshi na fidda wuta kamar ta aljanu. To bari in rubuta amsar wuri guda in huta, duk wanda ya sake tambayata in turo mai wanga rubutu.

Kafin ka zuba ko sisi, buɗe shagon cikin gem ɗin ka zauna ka karanta abin da suke saidawa, kar ka tsaya kallon hoto. Kowane kaya ka gani ka tambayi kanka, wanga abu shina canza lamba ko kamanni kawai yake canzawa? Lamba ina nufin ƙarfin harsashi, gudun ɗan wasa, yawan jini, ko kwana nawa gini zai ɗauka. In ka gane wannan ka gama rabin aikin, don gem ɗin nan duk sunansu na kyauta amma ba kasuwa ɗaya suke ci ba.

Ɗauki PUBG Mobile da ya fito 2018, da Call of Duty Mobile da ya biyo baya a Oktoban 2019. UC da CP, wato kuɗɗin cikin gem ɗin da kake saye da kuɗɗinka na gaske, ado suke sai maka, riga, hula, fentin bindiga, fentin mota, rawa. Bindigar M416 mai fentin ƙanƙarar nan ta PUBG da kowa ke mafarki, harsashinta daidai yake da na M416 ɗin da ka tsinta a ƙasa cikin kango. Akwai wani yaro a shagon nan, wayarshi gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa ya liƙe da salatif, ɗan wasanshi singileti da gajeren wando kawai gare shi kamar wanda anka koro daga wanka, amma in ya shiga fili sai ka ga masu kayan dubbai suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Rannan wani ya ce mai don Allah ka sai ko riga mana kana ba mu kunya, ya ce rigar harbi take yi? Ni har gobe ban ga amsar da ta fi wannan ba. Kuma fa kaya masu walƙiyar nan cikin ciyawa tona maka asiri suke, daga nesa ake hango ka.

Free Fire kuwa, na kamfanin Garena da ke Singafo wanda ya fito ƙarshen 2017, nan maganar ta ɗan sha bamban kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Jaruman cikinshi kowa da baiwarshi, Alok shina ƙara jini da gudu, sannan fentin bindiga da yawa suna ƙara wani abu su rage wani, wata ta ƙara saurin harbi ta rage saurin loda harsashi. To mai kuɗɗi na da ɗan fifiko, in kunka haɗu gaba da gaba kuma hannunku ɗaya, zai iya riga ka da ƙiftawar ido. Amma ka tuna abin da ya faru da Chrono, wanda anka yi da kamannin Cristiano Ronaldo a Disamban 2020. Lokacin da ya fito duk wanda ke da shi sarki ne, ya buɗa garkuwar nan tashi ya yi ta harbi daga ciki, mutane sunka yi ta zuba dayamon, wato kuɗɗin cikin Free Fire da ake saye, daga baya kamfanin ya yi ta rage mai ƙarfi har ya koma kamar kowa. Abin da ka saya yau don shi ya fi ƙarfi, sabuntawa ɗaya ta isa ta maida shi tarihi. Yanzu ma jarumai da yawa ana samunsu da gwal ɗin da kake tarawa cikin wasa ba sai da dayamon ba. Shawarata ka zaɓi jarumai uku ko huɗu da baiwarsu ta dace da yadda kake wasa, ka tara gwal ka mallake su, ka bi iben, wato shirye-shiryen ɗan lokaci na cikin gem, da ake raba fentin bindiga kyauta, shi ke nan. In kuma gardama ta tashi tsakaninku a unguwa, ku buɗe rum naku, wato wasan da ku kaɗai kuke shiga, ku kashe ƙarin ƙarfin bindiga daga saiti, a nan ake sanin wa ya iya wa ya saya.

Inda kuɗɗi ke magana da babbar murya shi ne gem ɗin ƙwallo na haɗa ƴan wasa, irin eFootball na Konami, tsohon PES da anka canza ma suna a 2021. Katin tsoffin gwanaye da ake ciro wa da koyin, kuɗɗin gem ɗin da ake saye, sun fi ƴan wasan da ake samu da GP, kuɗɗin da kake tarawa cikin wasa, wannan ba abin musu ba ne, za ka ga ɗan gaban wani ya wuce ɗan bayanka kamar an ɗaure mai ƙafa. Duk da haka ni ban taɓa sa naira a ciki ba kuma ana jin tsorona a unguwa. Yadda nike yi, kullum sai na shiga ko na minti biyu ne in karɓi kyautar rana, in buga iben ɗin da ake karawa da kwamfuta, koyin ɗin kyauta kuma ba ni taɓa su sai sun taru sosai, ba wai ɗari ta shigo in ruga in gwada sa'a ba. Sannan maki na horar da ɗan wasa ka zuba su inda yake aiki, ɗan baya ka ba shi tsaro da gudu, ka bar ƙoƙarin maida shi mai cin ƙwallo. Ka riƙe tsari ɗaya har ka san inda kowa zai tsaya ido rufe. Da wannan za ka ci mafi yawan mutanen da kake haɗuwa da su. Can ƙololuwa dai, inda gwanaye masu kuɗɗi sunka taru, za ka sha wuya, kuma gara ka sani tun yanzu da ka je kana fasa waya.

Su Clash of Clans na Supercell ɗin ƙasar Finlan, da ya fito tun 2012, lokaci suke saidawa. Duk abin da mai kuɗɗi ya gina kai ma za ka gina, illa shi wata ɗaya kai wata shida. Dabarar guda ce kuma tsohuwa ce: jem, wato kuɗɗin cikin Clash of Clans, da kake samu in ka sare itace ka kwashe duwatsu ko ka cika wani aiki, kar ka kashe su wurin gaggauta gini, tara su ka sai magina. Na uku 500, na huɗu 1000, na biyar 2000. Duk wanda ya ƙone jem ɗinshi don gini ya gama yau, shi zai daɗe da magina biyu yana kallon mutane na wuce shi.

To yanzu ga inda nike son ka kashe kuɗɗin in har kana da su, don mu nan abin da ke kashe mu ba rashin fentin bindiga ba ne. Sabis ne, da waya, da wuta. Ka duba lambar nan ta ping, mai nuna jinkirin sabis, a gefen sikirin, in tana kore kana wasa, in ta koma ja to kai kana harbin inda mutum yake ɗazu ne, shi kuwa ya riga ya zagayo bayanka. Ka gwada layuka daban daban a daidai inda kake zama, don layin da ke gudu a Tudun Wada zai iya rarrafe a wata unguwa, har cikin gida ɗaya ma zaure da ɗaki ba ɗaya ba ne. Wasan ranki ka bar shi sai dare ya raba ko da sassafe lokacin da mutane ba su cunkushe sabis ba. Wasan kanshi bai cin data sosai, sabuntawa ce ke cinye ta, kuma tunda anka ƙara kuɗɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 ni da datar dare nike sauke duk wani babban abu.

Saitin hoto ka maida shi ƙasa can, ka ɗaga saurin motsi iya abin da wayarka za ta ɗauka, kyan ciyawa da inuwa ba su taɓa ci ma kowa wasa ba. Watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, waya na ɗaukar zafi ta rage gudu da kanta, to cire mata riga, kar ka yi wasa tana caji, ka zauna inda iska ke bugawa. Iyafis mai waya, ko mai arha ne, ya fi maka fentin bindiga goma, don da shi kake jin takun mutum ta hagu ko ta dama. Pawa bank ma haka. Sauran kuma hannu ne, minti goma sha biyar a filin atisaye kafin ka shiga, ka koyi wasa da yatsa uku ko huɗu, kuma ka samu abokai uku da kuke shiga tare kullum kuna magana, ba ka riƙa faɗawa cikin baƙi da kowa ke gudun kanshi ba.

In zuciyarka ta matsa sai ka sai wani abu, to sai fas na sizin, tikitin da kake saye ka riƙa cika ayyuka kana karɓar kaya har zangon wasan ya ƙare, shi kaɗai ne ka san abin da ka biya ka san abin da za ka samu, kuma a wasu gem ɗin in ka kammala shi ana maido maka abin da zai kusan isa ka sai na gaba. Amma sai kana da lokaci da sabis na gama shi. Satumban 2021 da anka yanke sabis a Zamfara gaba ɗaya, wani abokina bai fi kwana biyu da sayen fas ba, munka yi makonni sai mutum ya fita jihar kafin ya aika ko saƙo, ko da sabis ya dawo sizin ya tafi da kuɗɗinshi. Har yau in an ambaci fas sai ya yi tsaki.

Wanda nike roƙonka ka nisanta shi ne juya sa'a, akwatin nan ko ƙafar nan da ke juyawa kana jiran ta tsaya kan babban kaya. Tun 2017 Apple ya tilasta ma masu gem su rubuta yiwuwar samun kowane kaya, Google ma ya bi a 2019, to akwai ɗan rubutu a gefe da ba kowa ke taɓawa ba, taɓa shi ka karanta. A ce an rubuta 1 cikin 100. Mutane na zaton in sun juya sau 100 dole ya fito, alhali in mutum 100 kowa ya juya sau 100, kusan 37 cikinsu za su tashi hannu wofi. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin akwatunan nan da ake saye da kuɗɗi caca ne, mu kuwa ba sai Bature ya gaya muna hukuncin caca ba. Ɗan kawuna da ke riƙe ma wani POS haka ya fara, juyi ɗaya, sai goma, sai "saura kaɗan Yaya wallahi ta kusa fitowa", ranar lissafi kuɗɗi sunka yi giɓi, sai da Inna ta saida tunkiyarta anka rufe maganar. Bindigar kuma ba ta fito ba. Ga shi farashin nan da dala ake auna shi, tunda anka saki naira a Yunin 2023 kuɗɗin abin da kake saye jiya sun ninka.

Sai ƴan damfara. Duk shafin da ya ce zai ba ka dayamon ko UC kyauta in ka sa faswod ɗin Facebook ko Gmail naka, akawun ɗinka yake so. Mai saida maka na gaskiya lambar ID ɗinka ta cikin gem kawai yake buƙata. Sayen akawun a hannun wani a WhatsApp ma haka, ka biya yau gobe ya yi rikoba ya karɓe abinshi. Gem ɗin da anka yi ma kutse kuwa, mai ganin mutum ta bayan bango, PUBG na rufe akawun har shekara 10 a kanshi.

Kuma in ƙanenka ko ɗanka na ɗaukar wayarka yana wasa, shiga Play Store yanzu, wurin saitin biyan kuɗɗi, ka sa ya riƙa tambayar faswod ko yatsa kafin kowane saye, ko ma ka cire katin bankinka gaba ɗaya daga ciki.