Idan ƙudan zuma suka sauka a bishiyar gidanka

A Turai da Amurka daga Afrilu zuwa Yuni ake ganin tashin zuma. Mu nan na fi ganinsa bayan ɗaukewar damina, sa'ad da furanni suka wadata, amya ta cika. Tsohuwar sarauniya ce ke fita da kusan rabin jama'arta, ta bar wa sabuwa gidan. Sai su dunƙule a reshen mangwaro ko darbejiya, 'yan leƙen asirinsu na can suna neman kogo. Kafin su fito sun sha zuma sun ƙoshi, ba su da saƙa, ba su da 'ya'yan da za su kare, shi ya sa faɗansu ke raguwa. Na ce raguwa, don zuman ƙasarmu ya fi na Turai zafin rai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya ruga ya ɗauko fiya-fiya ko ya cinna wa kara wuta. Baƙi ne masu wucewa, daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu ko uku sun tashi. Kora yara ciki, hana jifa, ka kwance akuya ko jakin da ke ɗaure a kusa, don dabbar da ke turke ba ta da hanyar gudu. In akwai mai amya a unguwa, kira shi, da murna zai zo.

In kai za ka kama, bari sai la'asar sakaliya. Sa malfa, ka lulluɓe ta da yankin gidan sauro har wuya, riga mai dogon hannu, ka cusa ƙafar wando cikin safa. Kada ka shafa turare. Shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, ka yayyafa musu ruwan sukari kaɗan, ka tara kwali daidai ƙarƙashin dunƙulen, ka girgiza reshen sau ɗaya da ƙarfi. Za ka ji sun faɗo tim, da nauyi. Kife kwalin a kan zanen, ka tokare gefe ɗaya da dutse, ka ja da baya.

Daga nan sai kallo. In sarauniya na ciki, za ka ga wasu sun tsaya a bakin kwalin, gindi sama, suna kaɗa fiffike. Ƙamshi suke bazawa suna kiran na waje. In kuwa suka yi ta komawa reshen, tana can, sai ka sake. Bayan magariba ka naɗe zanen, ka kai su amyar da ka goga wa kakin zuma a ciki.

Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce nan take. In numfashi ya soma sarƙewa ko maƙogwaro ya kumbura, asibiti kai tsaye. Waɗanda suka riga suka yi saƙa a silin ko cikin bango kuwa sun zama masu gida, kada ka taɓa su, wannan aikin gwani ne.