Yadda Ake Zaɓen Gadon Jariri Mai Jingina Da Gadon Uwa

Duk mai cikin farin da ta nuna mini hoton gadon jariri a waya ta ce, "Anti, irin wannan nake so," tambayar da nake fara yi mata ita ce: gadonki na ɗaki, santimita nawa ne daga ƙasa zuwa saman katifa? Har yau ban samu wadda ta amsa nan take ba. An zaɓi launi, an san irin na wance, har ɗan tedin da za a ajiye a ciki an tanada, amma gadon da za a jingina shi da shi ba wanda ya auna. Ni ma haka na yi a haihuwata ta fari, don haka ba gori nake yi ba.

Gadon da nake magana a kai shi ne ƙaramin nan mai ƙafafu da ake ɗagawa a sauke, gefensa ɗaya yana saukowa, a ɗaure shi da gadon uwa. Jariri yana kan shimfiɗarsa shi kaɗai, amma hannu kawai za ki miƙa ki ɗauko shi. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ita ta fi kowa sanin daɗinsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida, amma ba a kan katifa ɗaya ba, kuma hakan yana iya rage haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci har da rabi. A ƙasar tasu kaɗai jarirai kusan 3,500 ke rasuwa duk shekara ta dalilan da suka shafi barci.

Mataki na farko: awo kafin kasuwa

Ari tef ɗin tela. Ki auna daga ƙasa zuwa saman katifarki, ki rubuta a waya. Kowane gadon kamfani yana da iyakar tsawon da yake kaiwa, a rubuce a kwali ko a takardar bayani. Ƙa'idar ita ce idan an sauke gefen nan, bakinsa kada ya ɗara saman katifarki. Ko su zo daidai, ko katifarki ta ɗan fi shi. To gadajenmu na aure ba da Turawa aka yi shawara ba wajen ƙera su. Kafinta ya yi gado kamar dakali, an ɗora katifa mai inci 12 ko fiye, sai ki ga gadon jaririn ko an ɗaga shi har ƙarshe yana can ƙasa.

Sai ki duba ƙarƙashin gadon. Akwai sararin da ƙafafun gadon jariri za su shige, ko rufe yake da durowa? In rufe yake, dole ki nemi mai ƙafafun da ke naɗewa ciki. Ki auna faɗin gadon ma, saboda madauri. Zan zo kansa.

Abin da ake yawan mantawa: a ina za ki yi jegon? In gida za ki tafi wanka, kwana arba'in ɗin farko a ɗakin Hajiya za ki yi su, watakila ma a kan katifar ƙasa. A kan katifar ƙasa wannan gadon ba ya jingina da komai. Za ki iya amfani da shi, amma a ɗaga gefen a kulle, ya zama gado mai zaman kansa.

Mataki na biyu: ramin da ke tsakanin gado da gado

Nan zan daɗe, don nan na faɗi.

Gadona yana da katako mai faɗi a gefe, wanda ya fito ya wuce katifa da kusan tafin hannu. Da aka kawo gadon jaririn aka tura shi, sai ya tokare da katakon. Tsakanin katifata da tasa aka samu wani rami dogo, mai zurfin da hannuna ke shigewa har wuyan hannu. Madaurin da ya zo da shi kuma bai kai ɗaya gefen ba, don gadona ƙafa 6 ne. Sai na yi abin da kusan kowace mace ke yi: na naɗe tawul biyu da zanin goyo na cusa a ramin, na shimfiɗa shawul a kai, ya yi kyau kamar a hoto. Madaurin na jefa shi a durowa.

Muka yi sati biyar haka. Ɗakin tayil ne, gadon kuma mai taya. Duk sanda na jingina na ɗauko yaron, gadon yana ɗan matsawa, ban lura ba. Wani dare na shayar da shi barci ya kwashe ni kafin in mayar da shi tsakiyar katifarsa. Wani ɗan gurnani ya tashe ni. Na haska waya na ga tawul ɗin ya zurma, kafaɗarsa ta bi shi, fuskarsa a manne da zanin. Allah Ya tsare, ko awa ba a yi ba yana shan nono lafiya lau. Amma ni har asuba jikina na rawa, kuma da gari ya waye na ɗaga gefen gadon na kulle, ban sake sauke shi ba.

Jaririn wata ɗaya ko biyu ba shi da ƙarfin wuyan da zai janye fuskarsa daga abu mai laushi, kuma ba lallai ya yi kuka ba. Shi ya sa cushe rami da tsumma ya fi barin ramin muni: kin ɓoye shi daga idonki, kin kuma ƙara masa abin toshe hanci.

Saboda haka ga yadda ake yi. A tura gadon ya manne da katifarki, ba da katako ba. A zura madaurin ta ƙarƙashin katifa ko a zagaya shi da ƙashin gadon, yadda takardar bayani ta nuna, a ja har ya ɗame. A taka birkin tayoyi duka. Sannan ki zauna a bakin gadonki yadda za ki zauna da dare, don nauyinki yana lotsa katifa ya buɗe ramin da ba ya nan sanda gado yake ba kowa. Kina zaune ki tura yatsu tsakanin biyun. Wasu kamfanoni suna yarda da ɗan sarari kaɗan. Ni a wurina in yatsu biyu suka shiga, an fasa. Ki sa maigida ya ja gadon jaririn da ƙarfi daga ɗaya gefen. In ya rabu da naki, ɗaurin bai yi ba. Kuma duk ranar da aka canza zanin gado ko aka goge ɗaki, a sake wannan gwajin, domin a ranar ne madauri ke saki.

In katakon gadonki ya hana mannewa, kada ki yi dabara. Ko kafinta ya zo ya gyara gefen, ko ki bar gefen gadon jariri a ɗage har abada. Za a ce miki tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma a nan ɗaurin na zahiri ne.

Mataki na uku: a cikin shago

Kada ki saya daga hoto. Ki sa a haɗa miki shi a gabanki, ko da mai shago zai ɓata rai. Ki girgiza shi da hannu biyu. Wanda ke rangaji yana fanko, da yaro a ciki sai abin da ya ƙaru.

Ki nemi lambar inganci a jikinsa. Na Turai ana rubuta EN 1130:2019, na Amurka kuma ASTM F2906. Na san ana buga tambarin ƙarya, don haka kada ki tsaya a kan rubutu. Ƙa'idar Turai ta 2019 ta ce ko an sauke gefe, sai an bar shingen da bai gaza santimita 12 ba sama da katifar jariri, don kada ya gangaro cikin gadon manya. Ki auna da tef ɗinki. Tsofaffin samfura gefensu yana sauka gaba ɗaya, wasu kuma ana naɗe shi rabi. A Ingila a 2015 wata jaririya 'yar sati bakwai ta rasu a irin mai naɗewa rabin nan, wuyanta ya sarƙafe a bakin gefen. Gefen da ba ya kulluwa da ƙarar da za ki ji, ki bar musu kayansu.

Katifa: ki danna da tafin hannu ki ɗaga. In shatin hannunki ya zauna, ta yi laushi da yawa. Ana so ta yi tauri, ta kwanta a miƙe, ta cika gadon ba sarari a kusurwa. Masu shago suna son nuna cewa ana iya ɗaga wajen kai saboda tumbuɗi. Kada ki yi amfani da wannan sai da umarnin likita. Gangaren da ya wuce digiri 10 yana sa haɓar jariri ta faɗo kan ƙirjinsa ta matse hanyar numfashi. A Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerar barcinsa mai gangare mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan rasuwar jarirai fiye da 30. Irinta in kin gani a gwanjo, kyan ɗan maciji ne.

Ni na fi son mai gefen raga ta kowane ɓangare. A zafin Afrilu iska na ratsawa, kuma kina kwance kina ganin fuskarsa. In mai sanduna ne, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6. Ana cewa a gwada da gwangwanin lemo, in ya wuce ya yi faɗi. Amma yanzu akwai siraran gwangwanaye, tef ya fi.

Mataki na huɗu: gwanjo da kafinta

Da tsadar dala, ba kowa zai iya sabo ba, kuma ba abin kunya ba ne, abu ne na wata shida. Amma na gwanjo kusan kullum ba madauri, ba takarda. Babu madauri, babu jingina. Igiyar shanya ba ta maye gurbinsa. Katifar da ya zo da ita a jefar, a yanko sabuwa mai tauri daidai awonsa, a kuma binciki ɗinkin yadin saboda kuɗin cizo. Ki buga sunan samfurin a intanet ki ga ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Manyan gadajen katako masu gefe mai zamewa sama da ƙasa, Amurka ta hana sayar da su tun 2011, kuma irin abin da aka hana can ba wuya ya ɓullo a kasuwarmu.

In kafinta za ki ba, ki ce ya yi mai gefe huɗu a kafe, kada ya gwada basirar gefe mai sauka. Ki tsaya a kan santimita 6 ɗin nan, ya goge katako sumul, ba kan ƙusa a waje. Fenti kuwa, gara a bar katakon haka nan da a shafa wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. A ba da aikin tun ciki na wata bakwai ya sha iska.

Mataki na biyar: abin da ke shiga ciki

Katifa, zanin gado mai roba da ya ɗame ta, da jariri. Shi ke nan. Ba filo, ba tedi, ba bargo mai gashi, ba soson nan da ake zagaya gefe da shi, wanda Amurka ta haramta da doka a 2022. Ɗan gadon soso mai filo da zif da ake kawowa cikin kayan barka, kada ki ɗora shi a ciki. Ki bar shi na zaman tsakar gida da rana, idonki a kai. Laya ko wata igiya a wuya a cire lokacin barci.

A nan za ki yi karo da kakarsa. Za ta ce kin kwantar da jinjiri a kan allo, kuma rigingine zai shaƙe da tumbuɗi. Kada ki yi musu, ki ce, "Hajiya, a asibiti suka ce a yi haka," ki nuna mata: in yana rigingine hanyar iska tana sama da ta abinci, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Rub da ciki da kwanciyar gefe su ne masu haɗarin.

Gidan sauro dole ne. Na fi son babba ɗaya da zai rufe gadajen biyu, a ɗaure shi sama a cusa bakinsa, kada ya yi lako-lako kusa da fuskar yaro. Sabo mai magani a shanya shi a inuwa awa 24 tukuna. Maganin sauro mai hayaƙi, turaren wuta da kaskon garwashi, duk a waje.

Sauran a taƙaice: nesa da labule da igiyarsa, nesa da wayar caja. Da hunturu a ƙara masa riga maimakon a jibga bargo, hula kuma a cire in za a yi barci a ɗaki. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in da gumi a rage kaya. In dole sai mayafi, mai sauƙi, ƙafafunsa a ƙarshen gado, a cusa shi ƙarƙashin katifa iya ƙirji. Kada ki shayar a kan kujerar kushin in kina jin barci.

Yawancin irin waɗannan gadajen iyakarsu kilo 9 ko wata shida, amma yaron ne zai gaya miki. Ranar da ya fara birkicewa, a ɗaga gefen a kulle. Ranar da kika ga ya dafa hannu yana ɗago ƙirji zai yi rarrafe, ko yana neman zama, a daren ya koma babban gado. Madaurin da takardar bayanin ki ƙulle su a leda ɗaya ki ɗaure a ƙafar gadon, saboda ƙanwarki da za ta zo aro.