Masu tafiya Ingila da yaro mai lalura, ku tsaya ku ji

Sati uku ke nan da na zo hutu Gombe, mata biyu sun same ni a Jekadafari da magana iri ɗaya, za su bi mazajensu Ingila kuma kowacce tana da yaro mai lalura. Kayan sanyi da masauki ba zan ɓata bakina ba, mutanenmu na Manchesta sun iya karɓar baƙo, tun daga filin jirgi ake ɗauko mutum, Allah ya saka musu.

Makaranta ce abin ji. Mu nan mun saba kurma da makaho makarantarsu daban, ko kuma a bar yaro a gida. Can dokar 2014 cewa ta yi ajin sauran yara zai zauna, sai in iyaye ne ba sa so ko zamansa zai hana sauran karatu. Amma taimako mai ƙarfi a ajin takarda ce ke kawo shi, sunanta EHCP.

Ni da muka je ban rubuta a fom cewa ɗana ba ya ji sosai ba, kunya ce da tsoron kar a ƙwace min shi, haka yaron nan ya shekara a bayan aji yana kallon bakin malama, ya dawo gida ya ƙi cin abinci ni kuma ina ta masa faɗa, wlh har yau in na tuna sai na yi hawaye. Na zauna jiran makaranta ta nema mana takardar EHCP ɗin, ashe uwa da kanta za ta iya rubuta wa kansul, wato ƙaramar hukumar inda take zaune, ta nema. Sati 6 gare su su ce za su duba yaron ko a'a, sati 20 a gama komai, kuma sau da yawa suna wucewa sai kin bi su da imel. In sun ƙi, wata 2 gare ki ki ɗaukaka ƙara.

Amma har yanzu sabuwar zuwa sai ta ce min "Aunty ai da ya girma zai warware". Haba 'yar uwa! Ranar farko ki ce SENCO kike son gani, malamin da ke kula da irin yaran nan, ki faɗi komai.

Kuma dan Allah kafin ki bar Gombe ki karɓo rahoton likitansa da Turanci, da hatimi a kai, ki sa a jakar hannunki ba a akwati ba.