Kafin ki ɗinka kayan fitar suna: yadda nake shirin watan tara

Haihuwata huɗu, ta fari a gidanmu na Bodinga wurin goyon ciki, sauran ukun a cikin garin Sakkwato. Ɗinki nake yi a Mabera, don haka masu ciki ba sa rabuwa da ɗakina. Wannan ta kawo atamfar fitar suna, waccan ta kawo yadin rigunan jariri. In na tambayi mace ko ta gama shiri, sai ta hau lissafo mini baho da shawul da turaren wuta. In na ce, to in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare wa zai kai ki asibiti, sai ta yi dariya ta ce Allah na nan. Allah na nan kam. Amma ni na taɓa kwana ina murƙususu ana jiran mutum ɗaya ya ɗaga waya.

A haihuwata ta biyu ke nan. Maigidan ya tafi Illela kan harkar albasa, wayarsa ba ta shiga. Faya ta fashe tun bayan isha'i, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, tana cewa, "Ke wagga ɗiya, mi kike gaggawa? Bari mai gidanki shi zo." Ba mugunta ba ce, ita duk 'ya'yanta a ɗaki ta haife su. Sai gab da asuba wani maƙwabci ya fito da mota. Tun daga ranar, ciki na shiga wata bakwai nake neman izinin fita, kuma a gaban tsohuwar gida nake sa maigidan ya furta da bakinsa: ko yana nan ko ba ya nan, in abu ya taso a wuce da ni asibiti. Ki yi haka. Magana ce ta minti biyu, amma sai an yi ta da rana tsaka kowa na cikin hankalinsa.

Daga izini sai abin hawa. Kabu-kabu ba ta mai naƙuda ba ce. Ki sami mai Keke Napep ko mai mota guda biyu a unguwarku waɗanda suka yarda a tashe su cikin dare, ki rubuta lambobinsu a jikin kalanda ko bangon ɗaki, don waya takan mutu a lokacin da ba wuta. Kuɗin haihuwa kuma a ware su daban, tsaba a hannu, domin mai POS ba ya kwana a rumfa. Ni kwasar adashina nake daidaitawa ta faɗo a wata na takwas, in ƙulle kuɗin a ƙasan akwati, in manta da su. Sannan maganar jini: ki san rukunin jininki tun a wurin awo, maigidan ya yi magana da mutum biyu cikin 'yan'uwa ko abokai da za su bayar in an buƙata. Zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran a je a yi cigiya.

Awo kuwa, mata da yawa sukan je sau ɗaya su karɓi kati, shi ke nan sai ranar haihuwa. Alhali a ƙarshen cikin ne zuwan ya fi amfani. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma biyar daga ciki a ƙarshe suke: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. A nan ake gane ko jariri ya juyo da kai ƙasa ko yana zaune ko a gicciye, a nan ake kama hawan jini. In an auna ki, kada ki ji nauyin tambayar lambar da aka samu. Ta kai 140 bisa 90, ba abin wasa ba ne. Ki tabbata an yi miki allurar tetanus, kin kuma sha Fansidar ɗin da ake bayarwa wata-wata don zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau uku kafin ki sauka. Ƙwayar ƙarin jini tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada dai ki kora ta da shayi, yana hana jiki ɗaukar ta. Wurin haihuwa ki zaɓe shi tun yanzu, inda katinki yake, ko asibitin unguwa ne, ko Specialist, ko na mata da yara na Maryam Abacha, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wato UDUTH. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko mai ɗauke da tagwaye, ko mai hawan jini, babban asibiti za ta nufa kai tsaye.

Akwai abubuwan da in kin gan su ba a jiran ranar awo, ba a kuma tsayawa jiƙa magani. Jini ko kaɗan ne. Ciwon kai mai nacin da ba ya sauka, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, waɗannan su ne 'yan gaban jijjiga, wadda a gida ake cewa iska ce a tsaya ana hayaƙi. Zazzaɓi. Faya ta fashe ba naƙuda. Ɗan da ya saba shure-shure ya yi lakwas, wannan a ranar za ki je, kada ki bari a kwana. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida tana iya jawo yoyon fitsari, kuma wanda ya zauna a ƙasar nan ya san matan da wannan lalura ta raba da gidajensu. In kuma kin haura mako 41 shiru, ki koma a duba ki.

Zaman yau da kullum ya danganta da watan da cikin ya tsufa. Wadda watan taranta ya faɗo a Afrilu ko Mayu a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta ga ta kanta. Ɗana na uku haka ya zo. Girki na mayar da shi sassafe da bayan la'asar, randa ba ta rabuwa da ruwa, kofi na kusa da ni ko kan keken ɗinki nake. Fitsari in ya yi ruwan ɗorawa mai duhu, galibi ruwa ne bai ishe ki ba. Kwanan tsakar gida dole ne, amma cikin gidan sauro, balle in damina ta sauka. Ki riƙa kwanciya ta gefe, ki sa filo tsakanin gwiwoyi, rigingine yana sa jiri. Abinci kaɗan-kaɗan ya fi sauƙi saboda ƙwannafi: fura da nono, kwaɗon zogale, wake, ƙwai, kifi, kankana. Tsofaffi za su ce ki bar ƙwai da nama kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita. Ki ce to, ki ci abinki. Tafiyar yamma tana da kyau, amma daka da jan guga da ɗaukar jarka a bar wa wasu. In azumi ya riske ki kina jin jiki, addini ya ba ki rangwame.

Jaka kuma ta kasance a ɗaure tun mako na 36. Ki karɓi jerin kayan da asibitinki ke nema, don kowanne da nasa, amma galibi ba ya wuce safar hannu, audugar mata, ledar shimfiɗa, Jik, sabulu da man zaitun. Ki ƙara da tsofaffin zannuwa wankakku guda huɗu ko biyar, su suka fi sabbi amfani, da rigunan jariri biyu, hula, tocila da cajar waya. Katin awo a aljihun gaba. Ni bayan ƙofa nake rataye jakar, kowa a gidan ya san inda take, har yara. Kayan jariri kada ki cika saye, 'yan barka za su kawo, kuma sati shida rigar ta matse shi.

Abin da ya fi wuya shi ne maganar jego, kuma ita ma kafin haihuwa ake yin ta, don mai jego ba ta da bakin musu. Ki zauna da wadda za ta yi miki wanka, Inna ce ko gwaggo, ku daidaita cikin ladabi. Ruwan wanka da ganyen dogon yaro ya zama mai ɗumi, ba mai salɓe fata ba. Kunun kanwa a rage kanwar sosai: likitocin Arewa sun daɗe suna ganin ciwon zuciya bayan haihuwa, suna kuma zargin yawan kanwa da tsananin zafin nan da ƙara wa zuciya nauyi. Mai jegon da numfashi ke yi wa wuya ko ƙafafunta suka kumbura, asibiti za a kai ta. Dakashi, nonon farko mai ruwan ɗorawa, ba a matse shi a zubar, shi ne rigakafin farko, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya, wanka kuma a jinkirta masa zuwa washegari. Cibiya ba a gasa ta da tsumma, ba a sa mata man goge baki. Akwai maganin shafawa, chlorhexidine, wanda jiharmu na cikin na farko da suka fara raba shi ga masu haihuwa. Cibiya kaɗai ake shafa wa, a nisanta shi da ido. Kafin ku baro asibiti ki tambayi allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna.

Ragon suna na maigida ne, ya san hanyar Kara. Atamfarki kuma ki kawo tun wata takwas, in yanka ta da ɗan sarari, don jikin mai jego ba ya komawa cikin kwana bakwai.